Takarda mai harshen damo: in ta kai kotun apel, wa za ta ci?

Duk wanda ya taɓa raka shari'a daga Maradi har ta hau sama ya san wani abu da ba a cika gaya ma mutane tun farko ba, wato a kotun apel, kotun ɗaukaka ƙara, bakinka ba shi da aiki mai yawa, dosiye, tarin takardun shari'ar, ke magana. Mu nan shekara da shekaru in anka ce an yi apel to Damagaram hankali ke tahiya, kilomita wajen 240, ka wuce Agye ka wuce Gazawa ka wuce Tasawa, ka kwana gidan ɗan'uwa in kana da shi, da safe ka tarar da alƙalai ukku da ba su taɓa taka gonarka ba, ba su san shagonka ba, ba su ji muryar shaidunka ba. Abin da ke gabansu kwali ne ɗaure da igiya, cikinsa PV, wato takardar bayanin da jandarma ya rubuta, takardar yarjejeniya, ɗan taƙaitaccen abin da girefiye, magatakardan kotu, ya rubuta ranar zaman farko, sai rubuce-rubucen avoka, wato lauya, in kana da halin ɗaukar avoka.

A ƙa'ida kotun apel na da ikon sake duba komi, abin da ya faru da kuma doka, amma a aikace ba kasafai take sake kiran shaidu ba. In shari'ar ta ƙara hawa zuwa Yamai, can ba a ma tambayar wa ya yi gaskiya wa ya yi ƙarya, aikin kasasiyo, wato kotun ƙoli mai karya hukunci, shi ne a duba ko alƙalan ƙasa sun yi aiki da doka daidai, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Cour d'Etat ce anka ɗora ma wanga aiki. In ko rigimar kasuwanci ce da ta shafi dokokin OHADA, ƙungiyar nan ta daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da anka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993 wadda ƙasashe 17 ke ciki har da Nijar, to ƙarshenta Abijan ne, kotun CCJA, babbar kotun ƙungiyar. Ku duba fa, cinikin da anka ƙulla da Hausa ƙarƙashin rumfa a babbar kasuwa, anka tafa, anka shafa fatiha, shi ne wasu alƙalai za su zauna a Abijan suna auna waƙafinsa da Faransanci.

Shi ya sa yadda alƙalin sama ke karanta kalma ya shafi mai gona da mai shago fiye da yadda ya shafi ƴan boko. An daɗe ana ja, wasu na cewa a bi lafazi yadda yake, wasu na cewa a nemi nufi. Ni a ganina an fara wagga muhawara daga tsakiya. Tambayar farko da ya kamata alƙali ya yi ma kansa ita ce wa ya rubuta, wa ke riƙe da bik lokacin da kalmar ta sauka bisa takarda, wa kuma anka miƙa ma tawada anka ce dangwala nan. In magana ta fito da harshen damo, wanda ya tsara ta shi ya kamata ta ci. Gwamnati ta rubuta doka, banki ya rubuta kwantaragi, jandarma da girefiye sunka rubuta shaida, talaka a wurare ukkun nan bai zaɓi kalma ko guda ba, amma sau da yawa shi ake rataya da ita.

Malamanmu sun riga kowa sanin wagga matsala. Bayan yaƙin Ahzab Annabi (SAW) ya ce ma sahabbai kada kowa ya yi sallar la'asar sai a Banu Ƙuraiza, lokaci ya riske su a hanya, wasu sunka ce mu dai abin da anka ce muna za mu bi ko da lokaci ya fita, wasu sunka ce ai nufinsa mu yi sauri, sunka tsaya sunka yi sallarsu, kuma da labari ya kai gare shi bai tsawata ma ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai dai alƙalin kotu ba shi da damar ya ce kowa ya yi daidai. Gona guda ce, mutum biyu ke ja, dole ɗaya ya koma gida ba ita. Ayar doka ta 4 ta Code civil, kundin dokokin mu'amala tsakanin mutane, ma cewa ta yi alƙalin da ya ƙi yanke hukunci don wai doka ta yi shiru ko ta yi duhu ana iya tuhumarsa da hana adalci. Ke nan fassara dole ce, abin da ya rage shi ne ta wane gefe za ta karkata in an rasa tabbas.

Na ga wata takarda da idona a hannun wani dattijo daga wajen Madarunfa. Fallen kaye ne na ƴan lakwal mai layi-layi, an naɗe shi huɗu har wurin naɗin ya fara yagewa anka manne da sikoc, layi shida da bik shuɗi, ƙasa dangwalen yatsa biyu da sa hannun shaidu. Yayansa ne ya karɓi kuɗi wata shekara da hatsi ya yi wuya ya ba da gona, kowa a ƙauyen ya san jingina ce, ranar da anka maida kuɗi gona ta dawo. Amma yaron da ya rubuta musu, ɗan kwaleji ne da ya zo hutu, ya sa wata kalmar Faransanci mai ɗaukar sayarwa mai kuma ɗaukar ka bar ma mutum abu kawai, bai rubuta wa'adi ba, bai ambaci fansa ba. Yayan ya rasu, wanda ya ba da kuɗin ya rasu, ɗiyansu ne yanzu ke ja, ɗiyan mai kuɗi na cewa ga takarda, babanmu saye ya yi. Dattijon ya ce mini, "Ɗana, kuɗin da anka karɓa ko rabin kuɗin gonar bai kai ba a lokacin, wa ka taɓa ji ya sai da gonar gado haka?" Wagga tambaya tasa ita ce hujja mafi ƙarfi a rigimar duka, kuma ba ta cikin layi shidan nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar kanta tana ba irinsa hanya. Gonar da ba ta da titir, wato takardar mallaka ta hukuma, dokar tsarin shari'a ta ce al'adar masu rigimar ake bi, shi ya sa ake zaunar da dattawa da malamai masu sanin al'ada kusa da alƙali, ko da yake shawara suke bayarwa, shi ke yankewa. Ko a Code civil ɗin da munka gada daga Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne, aya ta 1156 cewa ta yi a nemi abin da ɓangarorin biyu sunka nufa tare, kada a tsaya bisa ma'anar kalmomi zalla. Ta 1159 ta ce abin da ya yi harshen damo a fassara shi da abin da anka saba a garin da anka ƙulla cinikin. Ta 1162 ta ce in ana shakka a karkata ga wanda nauyi ya hau kansa, a juya ma wanda ya gindaya sharaɗin baya. Ta 1602 kuma ta mai sayarwa ce, dole ya bayyana abin da ya ɗauka ma kansa, duk sharaɗin da ya bari da duhu shi zai ci. Faransa ta sake ma wasu daga cikin waɗannan ayoyi lambobi a gyaran 2016, mu muna nan da tsoffin lambobin. Fiƙihu ma haka ya ce, abin lura a ƙulla ciniki manufa ce da ma'ana, kuma al'ada ana hukunci da ita. Kundin hukunce-hukuncen da Turkawan daular Usmaniyya sunka tsara a ƙarni na 19, Majalla, a ayarsa ta 3 misalin da ya kawo kamar don mu anka kawo shi: cinikin da anka kira sayarwa alhali an yi shi da sharaɗin in an maida kuɗi a maida kaya, hukuncin jingina ake yi masa. Na san malamai da yawa na ƙyamar jinginar da mai kuɗi ke noma gonar yana cin amfaninta shekara da shekaru, wanga wani zance ne daban.

To ina gizo ke saƙar? A wata ƙa'ida ce da kotun kasasiyon Faransa ta kafa, wadda duk ƙasashen da sunka gaji tsarinta ke karantarwa. A 1808 ta ce fassarar yarjejeniya aikin alƙalan ƙasa ne, ita ba ta sa baki. A 1872 ta ƙara da cewa amma in sharaɗi a bayyane yake, ba shi da wani duhu, alƙali ba shi da ikon murɗe shi da sunan fassara, in ya yi za a karya hukuncinsa. Ƙa'idar na da kyau, ban musa ba, ita ke hana alƙali ya rubuta ma mutane sabuwar yarjejeniyar da ba su yi ba. Amma a bayyane ga wa? An gina ta ne bisa zaton cewa mutum biyun sun karanta sun gane kafin su sa hannu. A ƙasar da mafi yawan manyan mutane ba su karanta Faransanci, jimla na iya zama tsaf a idon alƙali cikin birosa alhali wanda ya dangwala yatsa bai taɓa jin ta da kunnensa ba, abin da ya ji shi ne abin da mai rubutun ya ce masa ya rubuta. Kuma alƙalin apel mutum ne, ba ya son Yamai ta karya masa hukunci, hanya mafi sauƙi gare shi ya ce takarda a bayyane take ya wuce dosiye na gaba. Ni nan nake ganin ya kamata alƙalanmu su yi ƙarfin hali. Kafin a ce rubutu a bayyane yake a fara tabbatar an karanta ma mutumin da harshen da yake ji, a dubi kuɗin da anka biya a gwada da farashin gona a lokacin, a dubi wa ya ci gaba da yanke itacen da ke cikinta, a tambayi mai gari abin da anka sanar da shi. Waɗannan duk halayen mutane ne bayan ciniki, kuma su ke nuna abin da sunka nufa fiye da kalmar ɗan kwaleji.

A kasuwa ma haka abin yake, sai dai kuɗin sun fi yawa. An rubuta buhu ɗari ukku na wake ba a ce buhu mai tiya nawa ba. An rubuta miliyan kaza tsakanin ɗan Maradi da ɗan Jibiya ba a ce sefa ko naira ba, naira ta zo ta faɗi kowa ya tuna abin da ya fi masa. An ce za a kawo kaya in hanya ta buɗe, sai ga takunkumin CEDEAO na 2023 boda ta rufe wata da watanni, ɗaya na cewa ai hanyar daji ba ta taɓa rufewa ba. A irin waɗannan duka biyun ƴan kasuwa ne, ƙarfinsu ɗaya, tare sunka bar maganar a buɗe, don haka al'adar kasuwa ce alƙali, a kira dillalai da shugabannin ƴan hatsi su faɗi abin da buhu ke nufi a wagga kasuwa. Amma in takardar ta banki ce ko ta gidan bashi ko ta inshora, shafi goma da ƙananan baƙaƙe waɗanda lauyoyinsu sunka kwana suna tsarawa, kai kuma anka nuna maka inda za ka sa hannu, to duk inda ta yi duhu ba na ganin dalilin da zai sa kotu ta taya su gyara. Sun sami lokaci da ƙwararru, in suna son sharaɗin ya nufi abin da suke cewa yanzu da sun rubuta shi haka.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne shaida. Mutum ya yi magana da Hausa a birgad, ofishin jandarma, ko a komsariya, jami'i ya juya ta Faransanci a kansa ya buga, ƙasa a sa jimlar nan da anka saba cewa an karanta masa ya tabbatar ya sa hannu. A zauren kotu tafinta ya sake juyawa, girefiye ya taƙaita, don ba kalma da kalma yake rubutawa ba. Shekara ɗaya ko biyu bayan haka avoka ya tashi a kotun apel ya ce ranku ya daɗe ku dubi shafi na kaza, shaidar nan a jandarma ya ce 500 a kotu ya ce 2500, maƙaryaci ne. Alhali duk ɗan Maradi ya san da dala muke ƙirga, in tsohuwa ta ce ɗari biyar to 2500 take nufi, wanda ya rubuta na farko ne bai ninka ba. Ko a tambayi mutum gaban manya ka yarda da kaza, ya sunkuyar da kai ya ce to, a rubuta ya amince, alhali to ɗin nan na ladabi ne, na ji ne. Ko mace ta ce ɗan'uwana ne a rubuta kalmar da ke nufin uwa ɗaya uba ɗaya, a shari'ar gado wagga kaɗai na iya juya rabon. Wata ma ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗanta na fari ba saboda kunya, ta yi ta kewaye, sai a rubuta tana ɓoye wani abu.

A tsarin da munka gada, a yawancin laifuka PV bayani ne kawai da alƙali zai auna, ba ya ɗaure shi. Amma abin da ke rubuce da hatimi a kai yana da kwarjinin da maganar baka ba ta da shi, balle ga alƙalin da bai ga fuskar mai maganar ba. Hadisin da Ummu Salama ta ruwaito na nan, inda Annabi (SAW) ya gargaɗi masu kawo ƙara cewa wani na iya fin wani iya tsara hujja, ya yanke masa bisa abin da ya ji, to wanda anka ba haƙƙin ɗan'uwansa yanki ne na wuta anka yanka masa. Can ana maganar wanda ya ji da kunnensa ne fa. Alƙalin apel na auna abin da mutum na ukku ya rubuta daga abin da na biyu ya fassara. Saɓanin kalma a irin wagga takarda bai kamata ya zama hujjar ƙaryata shaida ba sai an sake kiransa an tambaye shi, kuma doka ba ta hana kotun apel yin haka ba.

Da an zo kan doka kuwa, musamman ta hukunta laifi, sai ku ga na koma gefen masu bin lafazi, kuma dalilin bai canza ba, gwamnati ce ta riƙe bik. Misalin da ake koyar da ɗaliban shari'a shi ne na satar kuran. Lokacin da lantarki ke sabo dokar sata a Jamus na maganar ɗauke abu mai motsuwa na wani, kotun ƙolinsu a 1896 da 1899 ta ce lantarki bai shiga wagga kalma ba, don haka ba za ta hukunta ba, dole majalisa ta yi sabuwar doka a 1900. Faransa ta bi wata hanya, kotunta a 1912 ta ce lantarki abu ne da ake iya sacewa, ta faɗaɗa tsohuwar dokar. Ni ina tare da Jamusawa, duk da na san ɓarawon kuran ɓarawo ne. Gara ɓarawo ɗaya ya kuɓuta na shekara guda a gyara doka da a koya ma alƙalai ja ma kalma wuya har ta kamo wanda ake so.

Ku dubi dokarmu ta laifukan intanet ta 2019, wadda anka ƙara tsananta hukuncinta a 2024. Tana hukunta yaɗa bayanin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Mene ne ba ya iya shiga nan? Wanda ya tura murya a WhatsApp yana tunzura mutane su ƙone shagon wani ya shiga, kowa ya yarda. Wanda ya ɗauki hoton titin unguwarsu da ruwa ya cinye ya ce hukuma ta yi barci fa? Kalmar na iya ɗaukarsa in an so. Nan ne aikin kotun apel, ta ƙuntata kalmar, ta ce sai an nuna wace fitina ce, a ina, ta yaya maganar ke iya jawo ta. Wanda ya rubuta doka da faɗi haka yana da damar sake rubuta ta gobe, wanda ke kaso ba shi da wagga dama. Ƙuntatawar ma na da iyaka, na sani. Akwai wata dokar jirgin ƙasa a Faransa ta 1917 da anka rubuta ta a karkace har in ka bi lafazinta sai ta zama ta hana sauka daga jirgi in ya tsaya cik, wani da anka kama ya diro jirgi na tahiya ya kafa hujja da haka, kotu a 1930 ta ce a'a, kowa ya san abin da ake nufi. Wannan kuskuren alƙalami ne da ba ya ruɗa kowa. Kalmar da anka bari da faɗi don ta kama kowa wani abu ne daban.

Mu ƴan Nijar mun ma ga ranar da lafazi ya tsaya gaban mai iko. A 2009 lokacin tazarce, tsarin mulkin 1999 ya ce wa'adi biyu ne kuma ya hana a taɓa wagga aya, aya ta 49 ta ba shugaban ƙasa ikon kiran ƙuri'ar raba gardama bisa duk wani rubutu amma ban da gyaran tsarin mulki. Mutanen shugaba Tandja sunka ce ai mu ba gyara za mu yi ba, sabo fil za mu kawo. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce a'a a watan Mayu, ta kuma soke dokar kiran ƙuri'ar ranar 12 ga Yuni, shi kuma ya rushe kotun a ƙarshen watan, anka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, sojoji sunka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Kotun ba ta yi wata dabara ba, ta ƙi yarda ne a sake ma abu suna don a kewaye hani, kuma ta karanta ikon mai iko a ƙuntace.

Na san abin da wasu alhazan kasuwa za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za su ce malam in ka buɗe ƙofar neman nufi ka buɗe ƙofar cin hanci, yau alƙali ya ce nufinku kaza gobe ya ce kaza gwargwadon ambulan ɗin da ya shigo, takarda ita kaɗai ce ba ta karɓar goro, kuma tun da anka kafa Code rural, dokar filayen karkara, a 1993 ake ta roƙon manoma su rubuta cinikin gona a Cofo, kwamitin kula da filaye, yanzu kuma ka ce kada a yarda da rubutu? Ban ce haka ba. Takardar Cofo da anka cika gaban mai gari da shaidu, wadda dama ta raba ta sayarwa daban, ta kyauta daban, ta aro da haya da jingina kowace daban, ita ce irin rubutun da ya kamata kotu ta riƙe da ƙarfi, don an yi ta ne a fili kuma an tambayi kowa. Ina magana ne bisa inda rubutun da kansa ya rabu biyu, ko inda ɗaya ya rubuta ɗaya ya dangwala.

Kuma masu zaton lafazi na rufe ƙofar son rai su tuna 1979 a Najeriya. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa ukku na jihohi, jihohi 19 ne, Shagari ya samu a 12, a Kano ya tsaya wajen kashi 20 cikin ɗari. Awolowo ya ce biyu bisa ukkun 19 jiha 13 ce don ba a gutsura jiha, lauyan Shagari ya ce 12 ce da biyu bisa ukku, kotun ƙoli ta bi na biyun kwanaki kaɗan kafin a miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba. Dukkansu lafazi sunka ce suna bi. Wanda ke son murɗiya zai same ta a cikin baƙaƙe kamar yadda zai same ta a cikin nufi. Abin da ke ɗaure alƙali shi ne a tilasta masa ya rubuta dalilinsa dalla-dalla, ya faɗi ma'anoni biyun da kalmar ke ɗauka, ya faɗi don me ya zaɓi ɗaya, sannan a buga hukuncin inda kowa zai gani. A nan muna da rauni sosai, samun hukunce-hukuncen kotunan apel ɗinmu wahala ne ko ga ɗalibin shari'a, balle a ce an juya muhimmansu da Hausa an karanta a rediyo.

Su kansu manyan alƙalai alƙalaminsu na zamewa. A Nuwamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara a Abuja ta karanta hukuncin tsige gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf, da takardar hukuncin mai hatimi ta fito sai ga wani sakin layi a cikinta na cewa an yanke a gefensa, kotun ta ce kuskuren rubutu ne, daga baya kotun ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa a Janairun 2024. In ana karɓar uzurin kuskuren rubutu daga kotu mai alƙalai ukku da magatakarda, ban ga yadda za a hana shi ga manomin da ɗan kwaleji ya rubuta ma layi shida ba.

Tun Maris 2025 kundin Refondation, wanda ke zaman tsarin mulki, ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. In da gaske ake, wurin farawa mai arha na nan a birgad da zauren kotu. Wayar da ke aljihun kowane jandarma na iya ɗaukar muryar shaida, a haɗa ta da dosiye ta hau sama tare da shi, alƙalin apel da ya ga saɓani ya kunna ya ji da kunnensa, in ba ya jin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ya kira tafinta na biyu. Inda ba a ɗauki murya ba a tilasta ma mai rubutu ya sa ainihin kalmar mutumin kusa da fassararta a wuraren da ke da nauyi, kuɗi, dangantaka, lokaci, da duk inda anka ce ya amince. Takardun Cofo su ma a ƙara musu layin da za a rubuta da Hausa, boko ko ajami, nawa anka biya da dala da kuma sefa, har yaushe, kuma ana fansa ko ba a fansa.